Ɗakin Tsohuwa a Kwamfutar Salih Mai Agashe

Salih mai agashe bai taɓa danna kwamfuta da yatsansa ba. Yakan ce hannunsa na mai ne da yaji, kada ya ɓata wa abin fuska. Amma duk wanda ya san gidansa ya san cewa a cikin abin da ya mallaka babu wanda yake ji da shi kamar wata baƙar kwamfuta ta ɗauka a hannu, wadda gefenta ɗaya ya tsage aka ɗaure da salatif.

An haife shi a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin babbar hanyar ruwa, yamma da Hasahisa. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji, ya yada zango a yankin Jazira don ya yi aikin auduga ya sami guzuri, sai zangon ya zama gida. Uban Salih ya riƙe hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a cikin ƙasar ban-ruwa, ya rasu Salih yana saurayi, ƙanensa Kamal kuwa yana goye. Uwarsu Mero ce ta riƙe gidan da gonar. Mace ce gajera mai saurin tafiya da saurin baki. A gabanta kowa Inna yake ce mata. Akwai wani suna da ta haramta a gidan, shi ne tsohuwa. Duk Bahaushe ya san ɗa kan ce wa uwarsa tsohuwa ba da raini ba, amma ita ba ta so. Takan ce tsohuwa ita ce wadda ake kai wa ruwa a kan gado, ita kuwa tana cikin auduga tun kafin rana ta fito. Saboda haka Salih da Kamal suka mai da sunan abin tsakaninsu. In sun keɓe, ɗaya ya tambayi ɗaya ko Tsohuwa ta ci abinci, ko Tsohuwa ta huce. In ta ɓullo, su koma Inna.

Salih bai yi nisa a karatu ba. Ya yi allo, ya iya karanta Larabci daidai gwargwado, amma rubutun boko bai shiga kansa ba. Noma ma bai riƙe shi ba. Wurin wani baffansa ya koyi agashe, ya iya yanka nama falle-falle, ya turmusa shi cikin garin ƙuli da yaji, ya jera tsinke a kewayen wuta yadda zafi zai gasa naman ba tare da harshen wutar ya lashe shi ba. Ya kafa teburinsa a kasuwar Hasahisa, ya yi shekaru a wurin, har direbobin manyan motoci suka san shi da suna. Da wannan tebur ya auri Sharifa, da shi ya yi renon 'ya'yansa, da shi kuma ya tura Kamal karatu birnin Madani.

Kamal ne ya kawo kwamfutar gidan. Ya saye ta hannu na biyu lokacin yana ɗalibi. Ta zo da Windos a cikinta, shi kuma ya ƙara mata wata manhajar da ake kira Linuks, wadda ya ce ta fi sauƙi a kan tsohon inji. Da Salih ya tambaye shi yadda abu biyu za su zauna a cikin abu ɗaya, sai ya zana masa a ƙasa da tsinken agashe. Ya ce ta zama kamar gida mai ɗaki uku. Ɗaki ɗaya na Windos, ɗaya na Linuks, shi ya sa in an kunna ta take tambayar ƙofar da za a shiga. Na ukun kuwa rumbu ne, ba kowa a ciki sai ajiya, kuma ta kowace ƙofa aka shiga ana iya kaiwa gare shi.

A cikin rumbun nan Kamal ya zuba muryar uwarsu. A shekarunta na ƙarshe, duk hutun da ya zo gida sai ya zaunar da ita a ƙarƙashin rakuba, rumfar kara da ke tsakar gida, ya ajiye waya a gefenta ya ce ta yi magana. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba mai waƙar rediyo ba ce. Daga baya ta saba, har ita ke kiransa. Ta ba da labarin tafiyar surukinta daga Sakkwato kamar yadda ta ji daga bakinsa, ta yi waƙoƙin daka, ta yi addu'o'in da take yi wa yara in zazzaɓi ya kama su. Kamal ya tara su duka a ɗaki na uku, ya raɗa wa ɗakin suna da rubutun boko: TSOHUWA. Ban da shi ba wanda ya san da wannan sunan, domin ba ya fitowa sai an shiga can ciki inda ake raba ɗakuna. A fuskar Linuks kuwa ya ajiye wata 'yar alama ya rubuta mata Haboba da Larabci, wato kaka, don Rayan, babbar 'yar Salih, ta riƙa dannawa tana buɗe wa ubanta. Alamar hanya ce kawai zuwa rumbun, amma mai dannawa ba zai gane haka ba.

Inna Mero ta rasu ana saura kaɗan a fara tsinkar auduga. Ba a daɗe ba Kamal ya sami aiki a wani kanti a Jidda, ya bar wa Rayan kwamfutar don karatu. Daga nan Salih ya ɗauki wata al'ada. Duk Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, kafin ya fita hura wuta, sai ya zauna a bakin angareb, gadon igiya, Sharifa ta kawo jabana, wato butar gahawa, Rayan ta buɗe Haboba. Ba ya zaɓe. Duk wanda yatsan Rayan ya faɗa a kai shi zai ji. Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya amsa mata kamar tana wurin, ya ce, "Haka ne, Inna," ya tashi ya ɗauki wuƙaƙensa.

Da yaƙi ya iso Jazira, suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. An ce masu bindiga a hanya suna karɓe wayoyi da kwamfutoci, sai Salih ya naɗe kwamfutar da leda, ya ƙara naɗewa da wani tsohon zanen Inna, ya binne ta a ƙasan bokitin garin ƙuli. Sau da yawa aka tsayar da su, aka leƙa bokitin aka mayar da murfi. Suka bi ta Dindir, suka ƙarasa wani ƙauyen Hausawa kusa da Damazin inda dangin Sharifa suke. Gidan Jazira, da hotuna, da tasoshin Inna, da kabarinta, duk suna can baya. Daga ranar kwamfutar ba ta daina ƙanshin ƙuli ba, Salih kuwa ya ƙara riƙe Juma'arsa. Ya sake kafa tebur a gefen kasuwar Damazin, ya fara daga farko a shekarun da wasu ke tunanin hutawa.

Rayan ta riga ta shiga jami'a kafin gudun. Da abubuwa suka ɗan lafa aka ci gaba da karatu ta waya, malamai suna turo darussa a bidiyo. Kwamfutar ta fara kukan cewa ta cika. Rayan ta tura wa Kamal saƙo, ya amsa da murya a gurguje daga kantinsu, ya ce ta cire tsohon Windos ɗin tunda ba mai shiga cikinsa, ta haɗe wurinsa da Linuks. Ya ce in ya sami sarari zai kira ya bi da ita mataki-mataki. Bai samu ba, ga jarrabawa ta matso.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Salih yana ƙarƙashin rakuba yana yanka nama, Rayan tana kan tabarma da kwamfutar a cinyarta. Yadda suka saba, ita tana magana da Larabci, shi yana amsawa da Hausa. Rayan tana jin Hausar gida, ta ci da sha da aike, amma in magana ta yi zurfi sai ta nemi fassara, kamar yawancin sa'o'inta. Ta shiga wurin raba ɗakuna, ta ga guda uku. Ɗaya ta gane na Linuks ne. Sauran biyun iri ɗaya ne a ido, sai dai ɗaya ba shi da suna, ɗaya kuma an rubuta masa wata kalma. Ta haɗa baƙaƙen a hankali, ta tambayi ubanta ma'anar kalmar.

"Yaba, tsohuwa ya'ni shinu?"

Salih bai ɗago kai ba, wuƙa tana tafiya. "Gadima," in ji shi. "Abin da ya daɗe, ya tsufa."

"To, ita ce. Ammu Kamal ma ya rubuta a kanta. In cire?"

Nan ya tsayar da wuƙar. "Inna fa? Kada ki taɓa mini Inna."

"Haboba tana cikin sabuwar, Yaba. Ga ta nan a fuska, kullum daga nan nake buɗe maka." Ta juyo da kwamfutar ya ga alamar da idonsa, ya karanta sunan da kansa.

"To cire mana, tunda ta cinye miki wuri."

Ta cire, ta haɗe wurin da Linuks, abin ya ɗauki lokaci yana aiki, ya gama lafiya. Da ta sake kunnawa ta ga har yanzu sunan Windos yana fitowa a ƙofa. Ta tambayi wata ƙawarta, ta ce ai hakan yakan faru, suna ne kawai ya rage kamar allon kantin da aka tashi. Rayan ta kwantar da hankalinta ta shiga zuba darussa a sabon filin da ta samu.

Juma'a ta zo. Sharifa ta kawo jabana, Salih ya zauna a bakin angareb ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Rayan ta danna Haboba, wani ɗan rubutu ya fito. Ta sake dannawa, ya sake fitowa. Ta kashe ta kunna. Salih ya matso kusa.

"Mi ya faru?"

"Ta ce ba ta ga wurin ba."

"Wane wuri? Ba ga sunanta nan ba?"

Rayan ta kashe kwamfutar, ta sake kunnawa, wannan karon ta zaɓi ƙofar Windos. Ya buɗe tsaf, da hoton da Kamal ya sa masa tun yana ɗalibi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Yaba, ba shi na cire ba."

Jabana ta huce a wurin. Salih ya mayar da hularsa, ya ce ta ɗauko waya. Suka taka har bakin titi inda shabaka, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, suka kira Kamal. Rayan ta yi masa bayani da Larabci, tana haɗiye rabin maganar. Kamal ya tambaye ta abin da aka rubuta a kan wanda ta cire. Ta faɗa masa.

"Ba ni Yaya," in ji Kamal. Salih ya karɓi wayar. "Yaya, ɗakin Tsohuwa ne. Tsohuwarmu. Ni na sa mishi sunan."

Salih ya tsaya a bakin titi, raksha, keke mai ƙafa uku, tana wucewa tana watsa masa ƙura. Kalmar da ya yi shekaru yana faɗa a ɓoye da murmushi, ita ce ya fassara wa 'yarsa yana yanka nama, bai ko ɗaga kai ba.

"Ta tambaye ni," in ji shi. "Ni na ce mata gadima."

"Ni ma da na rubuta Inna da ba a yi haka ba. Yaya, ka saurare ni. Kada a sake kunna ta. In anka cire ɗaki, bango ne ake rushewa, hatsin yana nan zube a ƙasa sai an ɗora wani kaya a kansa. Rayan ta zuba wani abu tun ranar?"

"Darussa," in ji Rayan daga gefe. "Da yawa."

Kamal ya ja numfashi. Ya ce a kai wa mai gyara, wanda ya san aikin tono abin da aka goge, kuma kada su sa rai da yawa.

Ranar Salih bai hura wuta ba. Naman da ya yanka Sharifa ta raba wa maƙwabta.

Washegari ya naɗe kwamfutar da zanen nan na Inna ya kai ta wurin Bilyaminu, wani Bahaushen Rusairis mai rumfar gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Damazin. Sun saba, domin Bilyaminu ba ya wuce teburin Salih da yamma bai tsaya ba, kuma ba ya tafiya bai ce tsinken ya rame ba. Ya karɓi kwamfutar ya shinshina.

"Malam Salih, wagga gyara ta za a yi ko gasawa? Har ka sa mata ƙuli."

Salih bai yi dariya ba, sai Bilyaminu ya gyara zama ya saurari labarin har ƙarshe. Ya ce zai kwashe hoton cikin gaba ɗaya zuwa wani faifai, ya sa manhaja ta bi shi tana tsintar abin da ya rage. Ya ce abin yana cin lokaci, ga wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Abin da darussa suka hau kansa ya tafi, wanda kuma za a samu zai fito ba suna.

"Ba ni yi maka alkawari," in ji shi.

"Ban nemi alkawari ba. Ko tarinta ka samu, ka ajiye mini."

Kwanakin jiran sun yi wa gidan nauyi. Rayan ta daina fitowa rakuba. Sharifa ta kai mata kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa, ta dawo da kwanon yadda ta kai shi. Salih ya koma tebur, amma hankalinsa ba ya kan wuta. Yana jera tsinke yana gwada tuno muryar uwarsa. Maganganunta suna nan, zai iya jero su daga fari har ƙarshe. Amma in ya nemi sautin, yadda take jan sunansa, da ɗan kaushin da ke maƙogwaronta da safe, sai ya ji muryarsa ce ke faɗin kalmomin a cikin kansa. Ashe tun da ta rasu kwamfutar ce ke riƙe masa wannan, shi bai riƙe ba. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, bai kuma gaya wa kowa ba.

Wata safiya Sharifa ta ajiye masa shayi ta tsaya a kansa. "Abu Rayan, uwarka ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Yarka tana da rai, ga ta can ba ta cin abinci. Shirun nan naka ya fi mata zafi a kan faɗa."

"Ni ba fushi nike da ita ba."

"To ita ta sani?"

Ya ɗauki kofin shayin ya tafi ƙofar ɗakin, ya yi sallama, ya zauna a dokin ƙofa. Rayan tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Tashi ki sha, ɗiyata. Na sa sukari irin na 'yan Madani, cokali ya tsaya a ciki."

Ta tashi zaune, idanunta sun kumbura. "Ka ɗauko ta tun daga Jazira a cikin bokiti, Yaba. Ni kuma na goge ta ina zaune a kan tabarma."

"Kin tambaya kafin ki taɓa. Wanda kika tambaya shi ya ba ki amsa. Kalmar fuska biyu gare ta, na nuna miki ɗaya na ɓoye ɗaya, don mun saba ɓoye ta." Sai ya ba ta labarin sunan, yadda Inna ta hana shi, da yadda shi da Kamal suke satar faɗinsa a bayan rumbu kamar masu shan taba. Rayan ba ta taɓa ji ba. Ta riƙe kofin da hannu biyu tana saurare, har ta kurɓa ba ta sani ba.

Da Bilyaminu ya aiko a zo, tare suka tafi. Ya ba su benci, ya rage ƙarar rediyonsa. A fuskar kwamfutarsa abubuwa ne jere rututu, kowanne da lamba a maimakon suna. Ya ce ya ware na murya, ya saurari farkon wasu don ya rage musu wahala. Da yawa darussan Rayan ne, wani malami yana bayanin ƙwayoyin cuta. Wasu waƙoƙin Kamal ne na zamanin samartaka, waɗanda Bilyaminu ya ce zai riƙe don ranar da Kamal zai zo yana yi wa mutane wa'azi. Na Inna kaɗan ne suka fito. Labarin tafiya daga Sakkwato ya fara lafiya, muryarta ta cika rumfar, Salih ya runtse ido. Ana isa inda ayarin ya ƙetare wani kogi sai maganar ta tsinke, ƙara ta biyo baya kamar ana yaga takarda. Waƙoƙin daka babu ko ɗaya. Addu'ar zazzaɓi rabinta ta fito.

"Akwai wani dogo," in ji Bilyaminu. "Shi cikakke ne, amma ban ji komai a farkonsa ba sai awaki. Ina jin mantawa anka yi ba a kashe ba."

"Sa mu ji awakin," in ji Salih.

Kukan akuya ne da farko, da ƙarar faifai ana sheƙa hatsi. Salih ya gane tsakar gidansu na Jazira tun kafin kowa ya yi magana, har da ƙugin ƙofar langa-langa da iska ke kaɗawa. Sai muryar Inna, kusa sosai.

"Kamalu, ka kashe abin naka?"

"Na kashe, Inna."

"To madalla, na gaji da zancen mutanen da sunka mutu." Faifai ya ci gaba. Can ta ɗaga murya, ta ja sunan yadda take jansa. "Saaalihu. Kai Salihu. Naman jiya yaji ya yi yawa. So kake ka ƙone wa bayin Allah baki su daina zuwa?"

Daga nesa aka ji Salih yana cewa haka direbobi suke so. Ta ce direbobi ba su da uwa a kusa da za ta gaya musu gaskiya. Aka ji takunta ya yi nisa, ƙofa ta yi ƙara. Sai muryar Salih ta matso, ƙasa-ƙasa.

"Kamal, Tsohuwa ta sha maganin nata?"

"Wace ce tsohuwa?" Muryar ta fito daga bayan ƙofa, ashe ba ta shiga ba. "Kuna zaton ban jin ku? Tun Kamalu bai iya ɗaura wando ba nike jin ku, ku biyu, kuna ƙus-ƙus a bayan rumbu. Na ƙyale ku ne don na ga abin yana muku daɗi a baki. Ku yi ta faɗi, amma wanda ya faɗa a gaban baƙi sai na fasa mishi kai da muciya."

Dariya ta tashi a cikin rikodin, tata ta fi ta kowa, mai kaushi, tana ƙarewa da tari. Sai wata siririyar muryar yarinya ta shigo da Larabci.

"Haboba, tsohuwa ya'ni shinu?"

"Ji Balarabiyar gidan nan. Je ki tambayi ubanki, shi ya san ta."

A kan bencin Bilyaminu, Rayan ta rufe bakinta da gefen mayafinta. Ta dubi kwamfutar ta ce da Hausa, a hankali, "Na tambaye shi, Haboba."

Salih ya fara dariya, kafaɗunsa suna rawa, dariyar ta ƙi tsayawa har ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Bilyaminu ya tashi ya ce bari ya duba mai shayi, ya bar su, ya daɗe bai dawo ba.

Duk cikin abin da Kamal ya ɗauka, wannan ne kaɗai Salih bai taɓa ji ba, domin yana can ƙasa cikin tarkacen da ba a sa wa suna ba, yatsan Rayan bai taɓa kaiwa wurin ba. A sauran tana ba da labari ne don an ce ta bayar. A wannan kuwa tana tsakar gidanta tana yi masa faɗa. Ya sa aka maimaita wurin da ta kira sunansa, yana motsa leɓe tare da ita.

Da Bilyaminu ya dawo da shayi, aka yi aikin da ya kawo duk wannan. Ya sa Rayan ta zauna a kujerarsa. Kafin a taɓa komai suka kwafi abin da aka tsinto zuwa filashi, da wayar Salih, da ta Sharifa, aka tura wa Kamal nasa. Sannan Rayan ta buɗe ɗakin da ba shi da suna, ta leƙa cikinsa jaka bayan jaka, tana faɗa wa ubanta abin da ta gani. Ba komai sai kayan Windos da wasu takardun makarantar Kamal, su ma ta kwashe.

"Wannan ce gadimar, Yaba. In cire?"

"Kin tabbata ba ta haifi kowa ba?"

"Ba ta da ɗa ko ɗaya."

"To cire."

Ta cire, ta haɗe wurin, Bilyaminu ya gyara ƙofar yadda in an kunna ba za ta sake tambayar kowa ba. Saura jakar da aka zuba muryar. Rayan ta ɗora yatsu ta tambayi sunan da za ta sa.

Salih ya yi ɗan tunani. "Sa Tsohuwa, tunda ta yarda. Amma ki rubuta a gefe da Larabci: uwar Salih da Kamal. Don 'ya'yanki."

Labarin Sakkwato bai dawo ba. Kamal ya ce in ya zo hutu za su zauna su biyu su haɗa abin da kowa ya tuna, Rayan ta ɗauka. Salih ya ce to, amma ya san nasu zai zama labari ne kawai, muryar da ke ba da shi ta tsaya a bakin kogin nan.

Da la'asar ya hura wuta a gefen kasuwa. Da ya zo haɗa garin, ya ɗebi yaji yadda ya saba, ya tsaya, ya mayar da kusan rabi cikin gwangwani. Wani direban da ya saba saye ya ciji tsinken farko ya ɓata fuska.

"Ya haj, yau agashen na masu jinya ne? Ina wutar?"

Salih ya juya tsinken da ke gabansa. "Tsohuwa ta hana," in ji shi.